Da Daji Ya Yi Nisa: Tarihin Farautar Rani a Ƙasar Bakori

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura 'yan kwanaki a yi ƙaramar Sallah, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga jihar Ribas za su gida. Da 'yan sintirin garin suka ga bindigogin toka a cikin kayansu, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Kafin ƙura ta lafa an kashe mutum 16. Akasarinsu 'yan jihar Kano ne, da dama daga cikinsu kuma mutanen ƙauyen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure.

Bayan jimami da ta'aziyya, wata tambaya ta yi ta yawo a bakunan mutane, Kudu da Arewa: me zai kai mafarauci Bahaushe har jihar Ribas, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga gida? Wasu sun yi ta cikin zargi, wasu cikin mamaki. Amsarta tana cikin tarihin daji da gona, kuma ɗaya daga cikin wuraren da wannan tarihi ya fi fitowa fili shi ne kudancin Katsina, ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, inda ƙungurmin daji ya koma gonakin auduga da masara cikin shekaru kimanin ɗari.

Farautar nesa irin ta talaka, wadda mutum ke shirya wa kansa ba tare da ɗan jagora na haya ba, ta kasance mai araha saboda abubuwa uku da ba a sayensu a kasuwa: daji a kusa, izinin masu dajin, da mai masaukin da zai tsaya wa baƙo. Kuɗin tafiyar har yau bai taka kara ya karya ba. Waɗancan abubuwa uku ne suka yi ta zagwanyewa ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da daji yake bayan gari

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kundin tarihin Kano ya siffanta Barbushe, na zuriyar Dala, da cewa ƙaƙƙarfan mafarauci ne mai kashe giwa, kuma garuruwa da yawa tarihin baka yana cewa maharbi ne ya fara sare wurin ya kafa bukka.

Kudancin Katsina, wanda ake kira Katsina Laka saboda irin ƙasarsa, ya fi arewacinta samun ruwan sama, yana da tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Katsina da aka kora suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma aka yi ta kawo hare-hare ƙasar Katsina a tsawon ƙarni na 19. Jama'a suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, suna noma iya inda za su sheƙo gida in an yi kuwwa. Abin da ke tsakanin gari da gari ya zauna daji. Daga yamma ga Dajin Rugu, daga kudu maso yamma ga dazuzzukan da suka miƙe har Birnin Gwari. A cikinsu akwai ɓauna da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da kura da damisa, a can ciki har giwa da zaki. Tsoron mahara ya tsare namun daji fiye da kowace doka da aka yi daga baya.

Masu shiga wannan daji iri biyu ne. Akwai maharbi, wanda harbi shi ne sana'arsa ta gado. Yakan tafi shi kaɗai ko da ɗansa, da kwari da baka, kibansa sun sha dafin kwankwani, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci dabba. Yakan yi makonni a dawa, ya yi banda, ya dawo ya sayar da nama da fata da sassan da masu magani ke nema. Akwai kuma 'yan farauta, manoma ne da samarin gari waɗanda ke fita a ƙungiya bayan an kai amfanin gona rumbu, da karnuka da sanduna da barandami, ana kaɗa musu ganga ana kirari. Tasu takan zama ta yini, a fita da asuba a dawo da almuru, ko ta kwana, a yi kwanaki ana bin daji daga wannan mashaya zuwa waccan.

Abin da ya sa take da araha

Wanda zai fita farautar kwana ba ya bukatar jari. Guzurinsa gari ne da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da goran ruwa. Karensa a gida ya tashi, sandarsa shi ya sare ta, ƙafarsa ce abin hawansa. Lokacin ma kyauta ne, domin rani ya raba manomi da aiki, ciyawa ta bushe, dabbobi sun taru inda ruwa ya rage. Abin da aka samo kuwa yana shiga tukunyar gidan da ba kullum yake ganin nama ba. Addini bai hana ba: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane almajirin fiƙihu ya sani a ƙasar nan, ya halatta farautar neman abinci, ya karhanta ta wasa.

Sai dai daji bai taɓa zama marar mai shi ba. Kowace ƙasa tana da shugaban mafarautanta, wani wuri a ce Sarkin Dawa, wani wuri Sarkin Baka. Shi ke sa rana, shi ke aika wa maƙwabtan garuruwa, shi ke faɗin dajin da za a shiga da inda za a tsaya. Idan kare biyu suka haɗu a kan zomo ɗaya, ko wani ƙato ya nemi ya yi ƙwace, gabansa ake zuwa. A wasu sassan ƙasar Hausa, musamman wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni, ba a fara farautar shekara sai an yi bikin buɗin daji. Wanda ya kashe babbar dabba yakan kai wa mai gari rabonsa, fatar zaki ko ta damisa kuwa ta sarki ce.

Baƙon mafarauci da ya zo daga wata ƙasa ba ya faɗawa daji kai tsaye. Yakan sauka wurin takwaransa, a kai shi ya gai da Sarkin Dawa da mai gari, a nuna masa iyaka. Tsarin nan ba na mafarauta kaɗai ba ne. Shi ne wanda fataken goro suka bi zuwa Gwanja ɗaruruwan shekaru: kowane zango da mai masauki, kowane mai masauki kuma shi ne lamunin baƙonsa. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai masauki ne ke ara wa baƙo tushen da ba shi da shi. Gaisuwa da cinyar gada su ne kuɗin shiga daji, su ne kuma inshorar mafarauci.

Takarda ta shigo daji

Bugu na farko da namun daji suka sha ba daga hannun mutum ya fito ba. Annobar shanu da ta ratsa Afirka ta iso ƙasar Hausa wajen 1890, ta share garken Fulani, ta kuma taɓa ɓauna da wasu dabbobi masu kofato. A wannan shekarar ne ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin Afirka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mafarauci ya zauna da bindigar toka, wadda maƙerin gari ke iya ƙerawa, har zuwa yau.

A 1900 aka yi wata yarjejeniyar a Landan kan kare namun dajin Afirka. Bayan Turawan Ingila sun ci Katsina a 1903, tunanin ya biyo su. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji ta Nijeriya, wadda ta ware dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi. En'e ta shiga keɓe gandun daji, aka naɗa malaman daji masu kama wanda ya sari itace ko ya sa wuta. Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama gandun En'e a 1936. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu yawon buɗe ido a 1962. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, ta bar lamarin lasisin bindigar toka a hannun hukumomin 'yan sanda. Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963, gwamnatin soja kuma ta ƙara da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985.

Abin da waɗannan dokoki suka yi shi ne ɗauke izini daga bakin Sarkin Dawa su mayar da shi kan takarda. Amma takardar ba ta isa ƙauye yadda ya kamata ba, kuma Sarkin Dawa bai daina sa rana ba. Sai aka zauna da tsari biyu: na gargajiya wanda jama'a ke bi amma kotu ba ta san shi ba, da na hukuma wanda kotu ta sani amma kaɗan ke bi. Muddin mafarauci yana cikin mutanen da suka san ubansa, wannan giɓi bai dame shi ba.

Auduga, jirgi da masara

Gona ta fi doka cin daji. Da hare-hare suka ƙare bayan 1903, mutane suka fito daga ganuwa suka bazu, baƙi daga arewacin Katsina da ƙasar Kano suka yi ta kwararowa neman ƙasa mai albarka. Turawa suna son auduga don masaƙun Ingila, ƙasar laka kuwa ta karɓe ta. Aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta shafe Maska, tsohuwar hedikwatar ƙasar. Kowace sabuwar unguwa da aka kafa, wani yanki ne na daji ya tafi.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, sun ƙara turo mutane da shanu kudu. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi Bakori da Malumfashi da maƙwabtansu. Ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, masara ta tashi daga abin gashi a bayan gida ta zama amfanin kasuwa. Da taki ya samu, aka daina barin gona ta huta. Saura, wato gonar da aka bari ta yi shekaru tana mayar da ƙarfi, ita ce mafakar zomo da gada da zabon daji, kuma ita ce ta fara ɓacewa. Fadamun da dabbobi ke sha da rani suka koma lambunan rake da tumatir. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Katsina mutum kimanin miliyan 5.8.

Wannan ci gaba ne na gaske, ya ciyar da miliyoyi, ya gina gidaje, ya kai mutane Makka. Amma ɗan farautar Bakori da kakansa ke samun gwanki a tafiyar yini ɗaya, shi abin da ya rage masa a kusa bai wuce zomo da gafiya da burgu da fakara ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa, sai ga shi gudun ya ƙaru, zomon ya ragu.

Hanyar da ta fitar da masara ita ta fitar da mafarauci. Ƙungiya takan yi karo-karo ta ɗauki hayar mota, a loda mutane da karnuka a nufi dazuzzukan Birnin Gwari ko na jihar Neja ko Falgore ta jihar Kano. Sannu a hankali wasu suka zarce Kudu, inda daji ke da duhu, gyazbi da gada suke da yawa, naman daji kuma yake da tsada a kasuwa. Tafiyar ta haɗe da tsohuwar al'adar cin rani: a tafi bayan girbi, a yi watanni, a dawo da kuɗin taki kafin ruwa ya sauka. Mafi arahar hanyar dawowa ita ce a roƙi direban babbar motar da ta sauke kaya ta juyo Arewa. A irin wannan mota aka tare mutanen Uromi.

Dajin da ya rage ya yi wasu masu shi

Da dazuzzukan yamma sun zauna lafiya, da yawancin masu wannan tafiya ba su wuce su ba. Daga wajen 2011 satar shanu da fashin daji suka yi ƙamari a Zamfara, suka bazu zuwa Katsina da Kaduna da Neja. Rugu da Kamuku da Kuyambana suka zama sansanonin 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka yi daji da su. A ƙarshen wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da ƙara manyan gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Kogo a jihar Katsina da Falgore a Kano. An ɗaukaka darajar dajin a takarda a daidai lokacin da ma'aikacin daji ba ya iya shigarsa.

Bakori ta ɗanɗana nata. A watan Fabrairu na 2023, bayan an kore shanu a wani ƙauyenta, 'yan sa-kai daga ƙauyuka da dama suka bi sawu, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje. Rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 41.

Rikicin ya sauya matsayin mafarauci kansa. Tun da maharba suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, gwamnatoci suka fara kallon masu sanin daji a matsayin dakarun tsaro, kuma a watan Oktoba na 2023 jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma tata. A gida, mutum mai bindigar toka da layu yana iya zama mai kare gari. A ƙauyen da ke nesa, inda ba a jin harshensa, inda aka sha sace mutane a gona, kamanninsa ɗaya da wanda ake tsoro. Jihohin Yarabawa sun kafa rundunar Amotekun a 2020 saboda irin wannan fargaba, garuruwa da yawa a Kudu kuma suna da 'yan sintirinsu. Tsoron nasu yana da tushe. Bai ba kowa ikon yanke hukuncin kisa a bakin titi ba.

Abin da ake biya a wasu wurare

Farautar nesa a duniya iri biyu ce. Akwai ta masu hali, irin wadda tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a gabashin Afirka a 1909, da ƙwararrun 'yan jagora da ɗaruruwan 'yan dako. Akwai kuma ta mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke tuƙa motarsa zuwa wata jiha ya kafa tanti ya yi farautarsa shi kaɗai. Wannan ta biyun tana yiwuwa a Amurka ne saboda an gina mata ginshiƙai. Hukumar kula da filayen tarayya kaɗai tana riƙe da eka kimanin miliyan 245, mafi yawansu a buɗe suke ga jama'a. Kowace jiha tana sayar wa baƙo lasisi, da tsada fiye da na ɗan jiha, ta faɗa masa lokaci da iyaka da adadin abin da zai kashe. Wata doka ta 1937 kuma ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, ana mayar da kuɗin wajen raya namun daji.

In an duba da kyau, abubuwa ukun nan ne da ƙasar Hausa ta taɓa mallaka: daji na kowa, izini sananne, da wata shaida da ke sa a karɓi baƙo. Can an rubuta su an sa musu kuɗi. A Nijeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnoni, dokokin farauta a wajen gandayen tarayya na jihohi ne, kuma babu wata takarda guda da mafarauci zai nuna daga Katsina har Ribas kowa ya gamsu. Wanda ya ratsa jihohi shida da bindiga a buhu ya ratsa hukumomi shida da shingaye bila adadin, yana dogaro da sa'a.

Lissafin da ya rage

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ƙungiyar da ke zaɓen inda za ta yi farautar bana takan lissafa kuɗin mota da abincin karnuka da albarushi da farashin banda. Tsofaffin maharba suna fara nasu lissafin da wasu tambayoyi: wa muka sani a can, wa zai kai mu gaban mai gari, wa zai ce nasa ne mu in an tare mu? Tafiyar da ba ta da amsar waɗannan ta fi kowace tsada, ko da kyauta aka ɗauko mutum.

Kayan gyaran ba su ɓace duka ba. Kusan kowane babban gari a Kudu yana da Sarkin Hausawa da unguwar Hausawa, waɗanda asalinsu masaukin fatake ne. Hakimai suna nan, Makaman Katsina a Bakori, Sarkin Maska a Funtuwa, Galadiman Katsina a Malumfashi, kuma wasiƙa daga hakimi zuwa basaraken ƙasar da za a sauka tsohuwar hanya ce da ba ta bukatar sabuwar doka. Ƙungiyoyin mafarauta suna da rajista da katin shaida. Abin da babu shi ne mai haɗa waɗannan su zama hanya ɗaya da ɗan sanda da ɗan sintiri za su gane. Bayan kisan Uromi gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya. Ziyarar ta nuna cewa hukumomin jihohin biyu suna iya zama wuri ɗaya su yi magana a kan mafarauta, sai dai sun yi ta ne bayan an binne mutane.

Akwai kuma gyaran da ya fi wannan jinkiri, wato a bar wa daji wani abu a gida: kurmin gari, bakin rafi, burtali, gandun da aka keɓe tun zamanin En'e. Duk shekara, da an gama casar masara a ƙasar Bakori, samari za su ci gaba da kiran karnukansu. Nisan da za su yi kafin su ga abin kamawa ya danganta da yawan dajin da aka bari a bayan gari.